Amana Kafin Gwaninta: Nasiha ga Matasa Masu Son Shiga Aikin Buɗaɗɗiyar Manhaja

Ƙannena maza da mata masu koyon rubuta manhaja, wannan nasiha taku ce, kuma a kan abu guda take: yadda sabon shiga zai sa hannu a aikin buɗaɗɗiyar manhaja har ya samu wurin zama. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka baje rubutun kod ɗinta a fili, suka ba kowa izini a rubuce ya karanta, ya yi amfani da ita, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Richard Stallman ne ya ɗaga tutar wannan tafiya a 1983 da shirinsa na GNU, sannan a 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya saki Linux, jama'a daga ƙasashe daban-daban suka taru a kansa. Yau wayar Android da ke aljihun yawancinku a kan Linux aka gina ta, kuma tun 2017 kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk da shi suke aiki. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kan WordPress suke. Ko alƙaluman rigakafi da na haihuwa da ake tattarawa daga asibitocin Najeriya, cikin DHIS2 ake zuba su, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa, wadda kowa ke iya duba cikinta. Ba a tambayar takardar makaranta kafin a shiga wannan aiki, ba a tambayar ɗan wane ne kai. Duk da haka matasa da yawa sukan leƙa, su aika gyara ɗaya, su ji shiru, su juya suna cewa ba a son baƙi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: abin da ya yi wa irin waɗannan ayyuka ƙaranci shi ne lokacin masu kula da su, da kuma mutanen da za a iya amince wa. Rubutun kod kuwa yana zuwa musu fiye da abin da za su iya karantawa. Ku dubi yadda abin yake tafiya. Idan ka aika gyara, wani mutum ne zai ajiye nasa aikin, ya zauna ya karanta naka layi-layi, ya gwada shi, ya tabbatar bai ɓata wani sashe ba, ya rubuta maka amsa. Idan ya karɓa, daga ranar nauyin wannan gyara ya koma wuyansa, domin kai kana iya ɓacewa gobe, shi kuwa yana nan, kuma shi za a nema idan abin ya fashe bayan shekara biyu. Saboda haka duk gyaran da ya shigo, kafin ya zama taimako, ɗawainiya ce tukuna. Sabon shiga da ya gane wannan ya gama rabin karatunsa. Tambayar da zai riƙa yi wa kansa kafin ya taɓa komai ita ce: abin nan da zan aika, zai rage wa mutanen nan wahala ko zai ƙara musu? Wanda ya dage a kan rage wahala, ko da iliminsa kaɗan ne, za a san da zamansa. Wanda ya zo don ya nuna gwaninta kawai, ko da gwanin ne, zai daɗe a tsaye.

Hujjojin wannan magana a rubuce suke a tarihin aikin. A watan Afrilun 2014 aka bayyana wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin saƙonni tsakanin mai lilo da babban kaso na shafukan duniya. Kuskuren ƙarami ne: an manta a bincika ko tsawon saƙon da aka ce an aiko ya yi daidai da abin da ya iso, sai ya zamana ɓarawo na iya kwasar abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, har da kalmomin sirri. Ya shafe kusan shekara biyu a ciki kafin a gano shi. Da aka waiwayi masu riƙe da aikin, sai aka tarar mutane ƙalilan ne, kuma gudummawar kuɗin da ke shigo musu daga jama'a ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. A Disambar 2021 irin haka ta sake faruwa da Log4j, wata manhaja ta ajiye bayanan abin da ke gudana a cikin wasu manhajojin, wadda manyan kamfanoni ba adadi suka dogara da ita. 'Yan sa-kai ne suka hana idonsu barci suna toshe ɓarakar, alhali duniya na ta yi musu tsawa. A waɗannan wurare biyu ba marubutan kod aka rasa ba. An rasa isassun idanu masu bita, da masu gwaji, da masu ɗaukar ƙananan ayyukan da ke cinye lokacin manya.

Batun amana kuwa, abin da ya faru da XZ Utils ya isa darasi. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya, Lasse Collin, ke ɗauke da ita har gajiya ta kama shi. Sai wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu kyau tun 2021, wasu sunaye kuma suka riƙa matsa wa Collin lamba cewa ya ba wani dama tunda shi ya kasa. Sannu a hankali aka ba Jia Tan ikon shigar da abu kai tsaye, shi kuwa ya dasa wata ɓoyayyiyar hanya da za ta ba shi damar kutsawa cikin kwamfutocin mutane daga nesa. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga kwamfutarsa daga nesa na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi, asiri ya tonu kafin abin ya bazu. Kafin wannan, a Afrilun 2021, masu kula da Linux sun dakatar da karɓar gyara daga Jami'ar Minnesota baki ɗaya, saboda wasu masu bincike a can sun aiko da gyare-gyare masu ɓoyayyen lahani don su gwada ko za a gane, har aka koma ana sake bin tsofaffin gyare-gyaren da suka fito daga jami'ar. Idan kun ga ana jan ƙafa wajen sakin jiki da baƙo, to ga dalilin. Ba ƙiyayya ba ce, an sha ne an ƙoshi.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta mugunta ba, ta gaggawa. Kamfanin DigitalOcean yana shirya wani gangami duk watan Oktoba mai suna Hacktoberfest, inda a da wanda ya aika gyara huɗu ake ba shi riga kyauta. A 2020 sai mutane suka yi ca a kan ayyukan jama'a da gyare-gyaren da ba su da amfani, wani ya ƙara kalma ɗaya a shafin gabatarwa, wani ya sauya alamar rubutu, duk don a ƙirga musu. Masu kula da ayyukan suka wayi gari suna share tarkace maimakon aikinsu, har cikin 'yan kwanaki dole aka sauya doka, aka ce ba za a ƙirga gyara ba sai a aikin da masu shi suka amince su shiga gangamin. Yawancin waɗanda suka yi haka matasa ne masu zumuɗi irinku, ba su nufi kowa da sharri ba. Amma sun auna nasara da yawan abin da suka aika, su kuwa masu karɓa da sa'o'in da aka ɓata musu suke aunawa. Ku kiyayi wannan ma'auni na ƙirge, domin har yau yana nan da ransa: wasu na tara sunan ayyuka goma a takardar neman aiki, kowanne da gyaran harafi ɗaya. Mai ɗaukar ma'aikata da ya san kan abin zai buɗe ya duba, kuma aiki ɗaya da aka daɗe ana yi masa hidima ya fi waɗannan goman nauyi a idonsa.

To, daga ina za a fara? A fara da zaɓen aiki, kuma mafi alheri shi ne manhajar da kai kanka kake amfani da ita, domin ka riga ka san inda take ciwo. Kada sunan aiki ya ruɗe ku. Zuciyar Linux tana da dubban masu ba da gudummawa, ta imel ake aika mata gyara bisa tsauraran ƙa'idoji, kuma kuskure a cikinta na iya shafar na'urori ba iyaka. Ba nan ne wurin koyon tafiya ga yawancin mutane ba. Ƙaramar manhajar Python ko JavaScript da kuka taɓa amfani da ita a aikin makaranta ta fi kusa. Kafin ku zauna, ku duba abu uku. Na farko, aikin na da rai? Ku ga yaushe aka shigar da gyara na ƙarshe, kuma kwana nawa ake ɗauka kafin a amsa wa mai tambaya. Na biyu, yana da lasisi? Rubutun da aka ɗora a intanet ba tare da lasisi ba, mai shi bai ba kowa izinin gyarawa da rabawa ba, ko da kowa na iya ganinsa. Ku san bambancin GPL, wanda ke wajabta wa duk wanda ya gyara ya raba ya bar nasa a buɗe shi ma, da MIT, wanda ya sake wa mutum mara ya yi yadda ya so muddin ya bar sanarwar masu haƙƙi. Na uku, yaya suke amsa wa wanda ya yi tambayar rashin sani? Yadda suka yi wa na gabanku, haka za su yi muku.

Bayan zaɓe sai karatu, kuma a nan ne yawanci ake gajen haƙuri. Yaron da aka kai wurin tela ba a miƙa masa almakashi da shaddar mutane a makon farko. Yana guga, yana sa maɓalli, yana kallon yadda maigida ke awo, kuma daga yadda ya riƙe maɓallin ake gane ko zai iya riƙe almakashi. Haka nan ku zauna ku karanta fayil ɗin README da na CONTRIBUTING, inda aka rubuta yadda suke son a miƙa musu aiki, da takardar ladubban mu'amala idan akwai. Ku karanta gyare-gyare ashirin na baya da aka karɓa, da goma da aka ƙi, ku ga dalilin da aka bayar. Ku koyi Git da kyau, manhajar da Torvalds ya rubuta a 2005 don bin sawun kowane sauyi, domin ita ce harshen ciniki a GitHub da GitLab da sauransu: yadda ake kwafo aiki, a buɗe reshe, a ajiye sauyi da bayaninsa, a daidaita da abin da wasu suka ƙara. Sannan ku sauke aikin a kwamfutarku, ku bi umarnin girka shi mataki-mataki, ku kunna gwaje-gwajensa. Duk inda kuka yi tuntuɓe, ku rubuta. Wanda ya shekara biyar a cikin aiki ya daina ganin gurbin da ke cikin umarnin girkawa, saboda hannunsa ya haddace matakin da aka manta a rubuta. Idon baƙo ne kaɗai ke ganin wannan gurbi, kuma ido ne da ba ya daɗewa, don haka ku yi amfani da shi tun yana sabo.

Gudummawarku ta farko ba lallai ta zama kod ba. Kowane aiki na da shafin da ake jera matsalolin da jama'a suka kawo, kuma da yawansu ƙorafi ne maras kai: abu ya ƙi aiki, ku gyara. Mai kula da aiki ba zai iya komai da wannan ba sai ya ɓata awa guda yana lalube. Idan kai ka ɗauki irin wannan ƙorafi, ka gwada a kwamfutarka har matsalar ta bayyana, ka dawo ka rubuta cewa a siga kaza take faruwa, a kan tsarin kwamfuta kaza, ga matakai uku da za a bi a gan ta, ga abin da ya kamata ya fito, ga abin da ya fito, ga saƙon kuskuren kamar yadda yake, to ka yi rabin gyaran. Idan ka gano cewa ƙorafi biyu abu ɗaya suke faɗa, ka haɗa su. Idan wata tsohuwar matsala ta riga ta warware a sabuwar siga, ka faɗa don a rufe ta. Idan wani sabon shiga ya yi tambayar da kai ka sha wahalarta makon jiya, ka amsa masa. Waɗannan ayyuka ba su da ƙyalli, amma su ne daidai abin da ke cinye daren masu kula da aiki, kuma sunan da suke gani a kai a kai yana sauke musu wannan kaya ba sa manta shi.

Idan lokacin aika kod ya yi, ku riƙe ƙanƙanta. Ayyuka da yawa sukan sa wa wasu matsaloli alamar cewa sun dace da sabon shiga. Ku fara daga nan. Kafin ku rubuta layi ɗaya, ku faɗa a ƙarƙashin matsalar cewa kuna son ɗauka, ga kuma hanyar da kuke tunanin bi, don kada ku kashe sati biyu a kan abin da aka riga aka yanke shawarar ba za a yi ba. Gyara ɗaya ya magance abu ɗaya. Kada ku haɗa gyaran kuskure da sauya tsarin rubutu da ƙara sabon abu a ƙunshi guda, domin mai bita ba zai iya karɓar rabi ya bar rabi ba. Ku bi salon rubutun gidan ko da naku ya fi burge ku. Ku haɗa da gwajin da ke faɗuwa kafin gyaran, ya wuce bayansa. Ku bayyana dalilin sauyin, tunda abin da aka sauya kowa na gani a kod ɗin. Idan aka dawo muku da shi da gyare-gyare goma, ku sani wani gwani ne ya ba ku awa guda ta rayuwarsa kyauta, irin karatun da ake biyan kuɗi mai yawa a samu. Ku gyara, ku yi godiya, inda ba ku yarda ba ku kawo hujja cikin ladabi. Idan kuma kun ɗauki aiki sai jarrabawa ko hidimar gida ta sha gabanku, ku dawo ku ce kun sauke, wani ya ɗauka. Wannan jimla guda tana gina amana fiye da yadda kuke zato, domin masu ɗauka su ɓace sun fi yawa.

Na san abin da wasunku za su ce: ilimina bai kai ba, Turancina ma da ƙyar. Amsa ta farko ita ce yawancin masu wannan aiki a duniya ba Turanci ne harshen uwarsu ba, kuma gajeren bayani mai tsari ya fi dogon Turanci maras alƙibla. Amsa ta biyu ta fi muhimmanci: akwai abin da kuka sani wanda gwanayen Turai da Amurka ba su sani ba. Kun san yadda manhaja ke yi a kan waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Kun san cewa akwai zanen haruffan da ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai su fito da akwati a maimakonsu, kuma akwai akwatin bincike da ba ya samo kalma idan an rubuta ta da ƙugiya a wuri ɗaya, babu ƙugiya a wani. Kun san Najeriya na rubuta 'y inda Nijar ke rubuta ƴ, kun san ajami daga dama yake farawa. Kowane ɗayan waɗannan matsala ce ta gaske da za a iya kai rahotonta, a gwada, a gyara. Ga kuma fassara: ta translatewiki.net ake fassara fuskar MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, ayyuka da dama kuma na amfani da Weblate. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017, yana tattara muryoyi har da na Hausa don na'ura ta koyi jin magana, ƙungiyar Masakhane kuma tun 2019 take haɗa masu binciken harsunan Afirka a fili. A waɗannan wurare ku ne masanan.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan raina shi ba: don me zan yi aiki kyauta, da datar da na saya da kuɗina, da wutar da ba ta tsayawa, alhali kamfanoni na cin riba? Gaskiya ne ana cin riba. Microsoft ya sayi GitHub a 2018 a kan dala biliyan 7.5, IBM ya sayi Red Hat a 2019 a kan dala biliyan 34, kuma labarin OpenSSL ya nuna yadda masu ƙarfi ke hawa kan aikin 'yan sa-kai ba tare da sun biya ba. Don haka ban ce kowa ya bar abin da zai ci ya zo ya yi wa duniya bauta ba. Wanda ke neman na abinci yau, ya nemi na abinci tukuna, ya ba wannan aiki awa uku ko huɗu a mako idan ya samu. Amma ku auna abin da ake samu. Matashin da ke Kano ko Damagaram, wanda ba shi da kowa a wani babban kamfani, ba shi da wata hanya mafi sauƙi ta nuna wa duniya aikinsa da halinsa kamar wannan, inda kowane gyara da kowace amsa ke rubuce da sunansa. Mafi yawan gyare-gyaren da ke shiga Linux a yau ma'aikatan kamfanoni ne ke rubuta su a bakin albashi, kuma da yawansu da sa-kai suka fara. Akwai kuma shirye-shirye masu biya: Google Summer of Code, da aka fara a 2005, tun 2022 ya buɗe wa duk sabon shiga mai shekara 18 zuwa sama ko ba ɗalibi ba ne, Outreachy na biyan dala 7,000 a horon wata uku daga gida, kuma ba a zaɓen mutum sai ya riga ya ba da gudummawa a aikin da yake nema. Batun data kuwa, Git ba ya buƙatar intanet sai lokacin saukewa da aikawa. Karatu da rubutu da gwaji duk ana yinsu a kashe.

Na uku, za ku ce mutanen na da kaushin harshe, ko kuma su yi banza da mutum. Akwai gaskiya a ciki. Torvalds kansa a Satumbar 2018 ya fito ya nemi afuwa kan yadda yake yi wa mutane magana, ya ɗan janye daga aiki, aka kuma kafa wa Linux sabuwar takardar ladubban mu'amala. Amma ku rarrabe abu uku. Akwai gajeriyar amsa wadda ba ta da gaisuwa. Wannan al'adar wurin ce da ƙarancin lokaci, kuma mu da muka saba da doguwar gaisuwa kafin magana sai mu ji kamar an wulaƙanta mu alhali ba a nufi haka ba. Akwai shiru, wannan galibi yana nufin mutum ɗaya ne ke fama da saƙo ɗari bayan ya taso daga aikin da ke ciyar da shi, don haka a jira mako ɗaya ko biyu, a tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, a kama wani aikin kafin ya waiwayo. Sannan akwai cin mutunci na gaske, a zagi mutum ko a raina shi don ƙasarsa, ko addininsa, ko don mace ce. Wannan ba a haƙuri da shi. A kai ƙara inda takardar ladubban ta ce a kai, idan ba a ɗauki mataki ba a tattara a koma wani aikin, tunda ayyukan da ke maraba da mutane suna da yawa. Amanar da nake magana a kanta hanya biyu gare ta, su ma sai sun cancanci taku.

Na huɗu sabo ne: tunda ƙirƙirarriyar basira na rubuta kod cikin daƙiƙa, me ya rage wa sabon shiga? Wannan ƙarfafa maganata yake yi. Da rubutu ya yi araha, sai bita ta ƙara tsada. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin da ke riƙe da curl tun 1998, manhajar da ke cikin biliyoyin na'urori, tun 2024 yake kokawa a fili kan rahotannin ɓaraka da na'ura ta ƙaga, masu kama da gaskiya a ido, waɗanda sai an ɓata sa'o'i kafin a gane babu komai a cikinsu. A shekarar 2024 ɗin dai masu kula da manhajar Gentoo suka hana karɓar gudummawar da aka rubuta da irin waɗannan na'urori. Wasu ayyukan sun yarda da sharaɗi, don haka ku karanta dokar kowane gida. Ku yi amfani da na'urar ta bayyana muku abin da ya shige muku duhu idan kuna so, amma kada ku aika layin da ba za ku iya kare shi ba idan aka tambaye ku dalilinsa. A Linux da wasu ayyuka da dama, mai aika gyara yana sa sunansa a ƙasa, shaidar cewa yana da haƙƙin miƙa wannan rubutu. Sunanku ne jarinku a wannan fage, kuma a lokacin da kowa ke iya samar da shafi dubu na kod, mutumin da aka san ba ya aika abin da bai gwada ba shi ne ake nema ruwa a jallo.

Saura masu cewa ƙananan ayyuka sun yi wa burinsu kaɗan, su nasu aikin suke son kafawa. Buri ne mai kyau, kuma 'yan Afirka sun yi. Ushahidi ta fito daga Kenya a 2008, lokacin rikicin bayan zaɓe, aka yi amfani da ita a ƙasashe da dama wajen tattara rahoton jama'a a kan taswira. Segun Adebayo, ɗan Najeriya, ya gina Chakra UI, masu gina shafuka a faɗin duniya suka karɓe ta. Amma ranar da aikinka ya samu karɓuwa, kai ne za ka zama mai kula, kai za a turo wa ƙorafi maras kai da gyara maras gwaji, kai za ka yanke wa za ka amince wa. Wanda bai taɓa zama a ƙarƙashin bitar wani ba, bai san yadda ake yi wa wani bita ba. Saboda haka ku nemi abokan tafiya, irin su Open Source Community Africa da Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018, ko ku haɗa kanku ku uku ku huɗu a makarantarku kuna duba aikin juna kafin ku aika. A wannan mako ku zaɓi aiki ɗaya, ku girka shi, ku karanta dokokinsa. A mako mai zuwa ku tabbatar da matsala ɗaya, ku rubuta rahotonta yadda ba sai an sake tambayarku komai ba. Ku yi wata shida a wurin kafin ku yanke hukunci a kan kanku ko a kansu. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya yi wa ƙoƙarinku albarka, ya sa ku zama mutanen da ake ba amana a kwana da kwanciyar hankali.